Rijiyar da ke Cikin Kwamfuta

Ana dab da kiran magariba, awaki sun shigo, hayaƙin murhu ya kwanta a tsakar gidan Inna Hure, sai ga dutse tim a gaban madafa, jiƙe sharkaf, da gansakuka a jikinsa. Kafin a gama salati wani dutsen ya biyo baya.

Ɗanta Zubair bai ko ɗaga kai ba. Tun da ya dawo daga karatun injiniya ya ƙwallafa rai sai ya ɗora wa tsohuwar rijiyar gidan injin jan ruwa. Ya auna zurfinta da faɗinta, ya gina irinta sak a manhajar kwamfutarsa. Kullum yana ƙara wa ta kwamfutar nauyi har ta rufta, ya sake ginawa, wai yana neman iyakar abin da bakinta zai ɗauka. Mutum da iliminsa, amma ko bisimilla ba ya yi kafin ya danna!

A yammacin nan 'yarsa Raudatu ta daina magana. Ta zauna shiru, rigarta na ɗigar ruwan da ba wanda ya zuba mata. Tsoro ya kama Zubair har cikin ƙashi.

Aka ɗauko Malam Dabo daga Kunci. Ya daɗe yana karatu a kanta, sannan muryar wani tsohon aljani ta fito daga bakin yarinyar.

"Malam, tambayi ubanta. Kullum sai ya rusa mini gida a kan 'ya'yana."

"Wallahi gwaji ne kawai," in ji Zubair. "Ban taɓa rijiyar ba."

"A wurinku ne gwaji."

Malam ya ce za a goge rijiyar kwamfutar, shi kuma aljanin ya fita daga jikin yarinyar.

Aljanin ya ce, "Autana na cikinta, ƙasa ta danne shi. Ku goge, in tafi da 'yarku. Amma zan sake ta in shiga in tono shi, muddin na'urar nan ba ta mutu ba kafin in fito."

"Yaushe za ka fito?" in ji Malam.

Raudatu ta yi atishawa, ta buɗe ido, ta kira Inna. Amsar ke nan.

Garin ba lantarki, sai 'yar solar da ke kan rufin ɗakin Zubair. Duk sanda gajimare ya tare rana, batir ya yi ƙasa, sai numfashin Raudatu ya fara sarƙewa, shi kuma ya rungume ta yana kallon sama.

Shekarar nan damina ta yi jinkiri, gero ya fara ƙonewa. Ranar da gari ya fita roƙon ruwa, liman ya ɗaga hannu, Zubair na cikin sahu yana hawaye. Shi kaɗai bai ce amin ba.