Takalman Cikin Gilashi

Mako guda Hafizu ya yi a Landan yana zagaye kantunan littattafai da gidajen tarihi, yana neman wani abu na Daura. Duk wahalar nan, tsofaffin takalman fata kawai ya gani cikin gilashi, ko sunan mai su babu. Haka ya dawo gida da takaici.

Bayan isha'i, a hanyar Sandamu, babur ɗinsa ya mutu. Yana cikin tsaki sai warin tsohuwar fata ya buge shi. Ga wani dattijo tsaye, ƙafafunsa ba takalmi, ba su kuma taɓa ƙasa.

"Haba yaro," in ji dattijon, "har ka je ka gan su, amma ka baro mini su can?"