Kangon da Ke da Kekuna Ashirin

Malama ita ce 'yar fari a gidan jami'in kadarori na ƙaramar hukuma. Tana koya wa mata ɗinki a wani tsohon ginin hukuma da ke bayan kasuwa. Kekuna ashirin gare ta, ɗalibai kuma sun fi haka. Abin da ta rasa kawai shi ne takardar da ta san da zamansu.

Wata Talata wani saurayi ya yi sallama, tef ɗin awo a hannu, fayil a hammata. Kwamitin bincike ne ya turo shi ya sake kiyasta darajar gine-ginen hukuma.

"Malama, nan ne kango mai lamba tara?"

"Kango? Ka ga mun yi kama da ƙadangaru?"

Ya yi dariya, ya miƙa mata bakin tef. "Riƙe min nan. Awo ba ya yiwuwa da mutum ɗaya."

Tun daga ranar ya zama Mai Tef. Ginin da ake gama aunawa a yini guda, sai da ya dawo masa sau huɗu.

"Malamata, na manta tsawon tagar gabas. Gobe zan zo," ya rubuto.

"Tagar gabas ba ta ƙara tsawo ba tun jiya. Amma ka zo."

Matsalar tana cikin fayil ɗin. Wanda ya sa hannu cewa ginin kango ne, mahaifinta ne, rahoton Mai Tef kuwa ya nuna ba kango ba ne. Shekara goma sha huɗu yana kwafe rajistar bara zuwa ta bana daga kan teburinsa, bai taɓa takawa ya duba ba. Ga kuma wani ɗan kwangila da ke shirin sayen ginin a farashin kango, wanda har ya fara aiko da gaisuwa yana neman auren Malama.

"Wanda zai kunyata ni gaban kwamiti ba zai zama surukina ba," in ji Baba. "Ya gyara rahotonsa, ko ya manta hanyar gidan nan."

Ta rubuta wa Mai Tef: "Da ma Babana ka zo farauta?"

"A'a, Malamata. Ina son ki, ina ganin girmansa. Amma ba zan rubuta kango a inda na same ki ba."

Kwana biyu tana juya maganarsa. A na uku ta durƙusa gaban mahaifinta.

"Baba, in ya goge rahoton nan, ni ce zan fasa aurensa. In an sayar da ginin, ɗalibaina titi za su koma. Ɗan kwangila kuwa ya daina wahalar da motarsa. Abu ɗaya nake roƙo, ka zo ka gani da idonka."

Baba ya zo fuska a ɗaure. Ya ƙwanƙwasa bango, ya ɗaga kai ya dubi rufi, ya tsaya yana sauraron ƙarar kekuna. Mai Tef ya rusuna ya miƙa masa bakin tef.

"Baba, a taimaka min da wancan gefen."

Dattijon ya daɗe yana kallonsa, sannan ya karɓa.

Gaban kwamiti da bakinsa ya ce, "Kuskurena ne, ban je ba." Aka yi masa gargaɗi a rubuce, aka soke cinikin, aka shigar da ginin a matsayin makaranta.

Bayan wata uku aka ɗaura aure. Ɗalibai ne suka ɗinka kayan amarya. Baba ya dafa kan ango da amarya ya ce, "Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya."

A ranar 'yarsa ta gane cewa Baba bai taɓa ƙin gaskiya ba. Nisa kawai ya yi da ita.