Yankan Mutanen Nara

"Wai Chizuru, sai yaushe za ki ba ni amsa? Gobe fa zan hau jirgin ƙasa!"

Ban ɗago kai ba. Na ci gaba da matse romon zaƙi daga soyayyar awara, ina buɗe cikinta a hankali don kada ta yage. Noboru kuwa, mai neman aurena, ya tsaya a kaina, yana fifita shinkafar da na yayyafa wa ruwan khal.

Mahaifinsa ya rasu, gonarsu ta can garin Nara ba mai dubawa sai shi. Ni kuma ga Baba. Tun rasuwar Mama hankalinsa ya gushe, ba ya cin komai sai inari, wato wannan awara da ake cusa wa shinkafa, shi ma sai daga hannuna. Sunan Mama ma yake kira na da shi, Fumie.

"Mu tafi da shi mana, masoyiyata! Gidanmu da faɗi, kuma mahaifiyata gwanar inari ce."

"Naku ai mai kusurwa uku ne, kamar kunnen yanyawa. Namu na nan Tochigi dogo ne."

"Haba! Awara ai awara ce, ciki bai san yanka ba."

Na yi dariya. Yau da gangan na yanka ta a karkace irin ta mutanen Nara, har da riɗi a shinkafar. Na ce a raina in Baba ya ci wannan, to zai iya zaman wani gida.

Na jera su a faranti na durƙusa gabansa.

"Baba, ga abinci."

Ya daɗe yana kallon farantin. Sai ya ɗago kai yana waige-waige.

"Wa ya shigo min gida? Wannan ba hannun matata ba ne... Ina Fumie? Ina kuka kai min Fumie?"

"Ga ni, Baba, ga ni nan!"

Ina! Ya ture farantin, ya rarrafa bayan ƙofa ya takure, yana kuka kamar yaron da ya ɓata a kasuwa. Yanka kawai na sauya fa. Ina ga an sauya masa gari?

Na koma madafa. Na ɗauko sauran awarar, na ɗora wuƙa a tsakiya, na yanka ta a miƙe yadda Mama ke yi.

Noboru na jingine da bango yana kallon wuƙar.

"Na ji amsar," ya ce.

"Noboru, ina son ka... ka san ina son ka!"

"Na sani. Da ban sani ba da ya fi sauƙi."

Shi da kansa ya tsince masu kusurwa ukun daga tabarma, ya zuba a kwali. Wai guzuri. Ya sa takalmansa, ya rusuna wa Baba, ya ja ƙofa a hankali.

Da sabuwar awarar ta dahu na cusa shinkafa, hawaye na ɗiga a bayan hannuna. Baba ya cinye uku, har da lashe yatsa. Sannan ya dube ni da fara'a.

"Fumie, wai yarinyar nan tamu Chizuru har yanzu ba ta kawo miji ba? Ki yi mata magana. Kada mu tsofaffi mu tare mata hanya."

"To," na ce, na ƙara masa ɗaya a faranti.