Ragowar 'Yan Dako

Ranar da Saffana ta fara ganin Mas'udu a ƙofar kasuwar Tianxiu da ke Guangzhou, kwali ne a kafaɗarsa, gumi ya jiƙa rigarsa. Ta ɗauka ɗan dako ne, ta sa shi ya kai mata kaya ofishin mahaifinta, hawa na shida. Ya kai. Sai da 'yan dakon suka kira shi "laoban", wato maigida, ta gane kwantenar da ake lodawa tasa ce.

A gabana aka yi. Ni Maidaji, shekara ashirin da uku a Guangzhou, ban taɓa zama a aji ba, waɗanda muka zo tare duk sun gudu gida, ni ina nan.

Ta samo lambarsa, ta rubuta: "Ka yafe mini, wallahi ban sani ba."

Ya mayar: "Gimbiya, gobe ma akwai kaya? Kafaɗar taki ce."

Bayan wata huɗu ya tura magabata. Mahaifinta, Alhaji Abdulgani, ya ƙi. Ya taɓa ganin yaron ranar lodi, ya sayo wa 'yan dako shinkafa, ya jira suka ƙoshi, sannan ya ci abin da suka bari.

"Mai cin ragowar lebura? Ga Ghali nan yana son ta, da ofishinsa!" in ji Alhaji.

Ta rubuta: "Baba ya ce a'a. Na kasa cin abinci."

"Ki ci, Gimbiya. Ni na saba jira."

Na je wurin Alhaji shan shayi. Na san lagonsa: ba ya gajiya da labarin wani kakansu, sarki a zamanin da.

"Alhaji, maimaita mini na sarkin nan naku."

Ya gyara zama. "Shekara ɗari bakwai ke nan! Ana ginin ganuwa, da kansa yake ɗaukar kwandon ƙasa. Ba ya sa hannu a akushi sai barori da masu ɗebo ruwa sun ƙoshi."

"To shi me yake ci?"

"Abin da suka bari ma…"

Ya dube ni, ya gane inda na dosa. Na shanye shayina, na tashi.

Aka ɗaura aure bayan sallar Juma'a. A walima ango ya fara zuba wa 'yan dako, surukinsa na tsaye gefensa da faranti wayam, yana jira. Ni kam na riga kowa ci, ai na yi aiki.

Allah ya ba su zaman lafiya da 'ya'ya masu hali irin na ubansu.