Fom Ɗin Da Auta Ta Ɓoye

"Lambar yabo ta riƙon amana..." Mai gabatarwa ya dakata, ya gyara tabarau. "Ta mai buga takardu ce a ofishin magatakarda!"

Ɗakin taron jami'ar ya kaure da tafi.

Auta ba ta motsa ba. Ta danne jakarta a cinya kamar wani zai fizge.

"Ke, tashi mana! Ko sai an goya ki?" Anti, babbar sakatariyar ofishinsu, ta zungure ta. Sai ta rage murya tana murmushi. "Kawo jakar in riƙe miki... na ga ta yi miki nauyi kwana biyu."

Auta ta ƙara matse jakar.

Ashe Anti ta sani!

Sati uku ke nan da fom ɗin ya shigo hannunta. Duk wanda za a ba lambar yabo, ta teburinta takardarsa ke bi kafin ta kai ga kwamiti. Wannan kuwa shugaban sashen kimiyya ne ya cike shi, da sunan Dogo mai kula da ɗakin gwaje-gwaje. Dogonta. Wanda manyansa ke shirin zuwa gidansu. Lambar gwarzon ma'aikaci aka nema masa, kuma duk wanda ya ci, jami'a za ta tura shi ƙaro karatu ƙasar waje, shekara biyu cur.

"Shekara biyu?" Umma ta ce da ta ji labari. "Ni ba na jingine 'ya kamar tsintsiya a bayan ƙofa. In zai tafi, Allah ya kiyaye hanya, amma maganar ta tashi."

Anti kuma, da ta daɗe tana yi wa ƙanwarta sha'awar Dogo, ta ƙara da nata. "Yarinya, wanda ya haye ba ya dawowa shi kaɗai. Ni dai na gaya miki."

Kwana ɗaya kawai Auta ta yi niyyar ajiye fom ɗin, ta samu ta yi tunani. Kwana ɗaya ya zama uku. Uku suka zama bakwai. Aka rufe karɓa.

Yanzu ga ta tana hawa dandamali.

"Bari in karanta abin da wanda ya gabatar da ita ya rubuta," in ji mai gabatarwa. "Da kansa ya kai wa magatakarda, don kada ta gani. Ya ce: shekara biyar tana kan teburin nan, ko takarda ɗaya ba ta taɓa ɓata a hannunta ba. In an ba ni zaɓi tsakanin akwatin ƙarfe da hannunta, hannunta zan ɗauka."

Aka yi dariya, aka sake tafi.

Ta ɗaga kai. Can a layi na huɗu Dogo ne da farar rigar aikinsa, shi da ko sunansa ba a kira ba yau, yana tafa mata har yana miƙewa.

Ta gwammace ƙasa ta tsage.

Shugaban jami'a ya miƙo mata allon yabon. Hannunta ya ƙi zuwa. Jakar ya nufa, ya zaro fom ɗin da duk ya lanƙwashe.

"Ranka ya daɗe... ban cancanta ba."

Lasifikar ta kwashe maganar ta watsa har ƙarshen ɗakin.

"Wannan bai ɓata ba. Ni... ni na ɓoye shi."

 

Ta ajiye takardar a kan allon, ta sauka da gudu, hawaye na rufe mata hanya.

Kwana uku ba ta iya haɗa ido da kowa ba. An ba ta takardar gargaɗi, an ɗauke ta daga teburinta an mai da ita ɗakin ajiyar tsofaffin fayiloli. Wannan duk bai dame ta ba kamar wayarta da ta yi tsit, Dogo bai kira ba.

A rana ta huɗu, da aka tashi cin abincin rana, ta ja ƙafa zuwa ɗakin gwaje-gwaje. Dogo yana bakin famfo yana wanke kwalabe, ya ba ta baya.

"Sallamu alaikum..."

Ya amsa bai juyo ba.

"Ban zo neman afuwa ba. Na san ban kai nan ba. Na zo ne in ce... in ka janye manyanka, ban ga laifinka ba."

Ya kashe famfon.

"Shekara tara ina wanke wa wasu kwalabe suna zama dakta, Auta. Tara."

"Na sani."

"Ba ki sani ba. Da kin sani, da kin zo kin ce, Dogo ina tsoro. Kalma uku!"

Ta sunkuyar da kai, tana murza bakin mayafinta.

Ya goge hannu, ya jawo durowa, ya fito da sanarwar gasar.

"Wa ya buga wannan?"

"Ni."

"Karanta shafi na biyu."

"Ai na san..."

"Ba ki sani ba. Ku masu buga takardu yatsunku ke karatu, idonku na wani wuri. Karanta."

Ta karanta. Wanda ya ci, in yana da aure, jami'a za ta ɗauki nauyin tafiyarsa tare da iyalinsa.

Takardar ta suɓuce daga hannunta.

"Kina zaton don me nake ta azalzalar kawuna a sa rana? Anti ma ta sani, ita ta ba ki ki buga."

"Wayyo Allahna..." Ta durƙushe ta rufe fuska. "Ni na hana mu... da hannuna!"

 Ya jawo kujera ya tura mata.

"Tashi daga ƙasa, akwai fasassun kwalabe."

"Ka tsane ni?"

"Na yi ƙoƙari. Kwana uku ina gwadawa, ya ƙi." Ya ja numfashi. "Ba wanda ya kama ki, ƙanwata. Da kin karɓi allon kin yi murmushi, da shi ke nan. Kika tona kanki gaban mutum ɗari biyar. Abin da na rubuta a kanki, rabinsa dai bai zama ƙarya ba."

Ta ɗago jajayen idanu.

"Kawu zai zo ran asabar. Ki gaya wa Umma ba wanda zai jingine mata 'ya."

"Lambar fa?"

"Akwai baɗi. In Allah ya kai mu, mu biyu za mu tafi." Ya buɗe famfon, gefen bakinsa na motsi. "Amma fom ɗin, ranki ya daɗe, da ƙafata zan kai shi."