Dilkar da Ba a Ƙarasa Ba

"Juyo bayanki, amarya!" in ji Goggo Mariyamu, yayar mahaifin ango. Ita ta dage ba mai yi wa matar ɗanta dilka sai ita, wai a duk Azare ba wanda ya kai ta iya gyaran fata, ita 'yar Borno.

Zuliha ta juya. Hannun Goggo ya murje kafaɗar dama, ya gangaro baya, sai ya tsaya cak. Ga tabo-tabo masu ruwan ƙasa, ga ƙananan ƙullutai masu laushi.

"Mene ne wannan?"

"Tun ina ƙarama suke, Goggo. Ba sa ciwo..."

"Na ubanki ma ai da ba sa ciwo!"

Kowa ya san Malam Bunu, mahaifin Zuliha, da ƙullutan jikinsa. Shekara da shekaru yana zaune da su lafiya, sai bara na cinyarsa ya yi tauri, likita ya ce ya rikiɗe ya zama ciwon daji. Yanzu yana kwance, ba abin da yake jira sai bikin 'yarsa.

Goggo ta wanke hannu da sabulu har gwiwa, a gaban ƙawayen amarya, ta kwashe kwanonta ta fice. Kai, mutum!

Da la'asar ango Abdulrashid ya zo zaure, ko zama bai yi ba.

"Masoyina, ai ka san ciwon Baba," in ji Zuliha.

"Na Baba na sani, ban san naki ba! Na tambayi likita, ya ce gado ne, kowane ɗa muka haifa zai iya ɗauka."

"Zai kuma iya tsira..."

"Ba zan yi caca da 'ya'yana ba, Zuliha."

"Ni fa? Ni ba 'yar wani ba ce?"

Ya gyara hula, ya tare acaɓa, bai waiwayo ba.

Ta share hawaye ta shiga ɗakin mahaifinta. Ya dubi kafaɗar da ke sheƙi, ya dubi wadda ba a taɓa ba.

"Ba a gama ba ne, uwata?"

"Gobe za a ƙarasa, Baba."

Ya daɗe yana kallonta. Sannan ya kama hannunta da nasa mai ƙullutai.

"Sun gani, ko? Ban bar miki gona ba, ban bar miki gida ba, sai wannan. Ki yafe mini."

Zuliha ta kifa fuskarta a tafin hannunsa, ta fashe da kuka.