Ganyen Shayi a Lagireton Mzee Tanui

"Mama, me ya sa wannan tsohon yake kuka? Motar ce ta mutu ko matarsa?"

Sufeto Wamuyu Kiragu ta yi maza ta rufe wa 'yarta Nyaguthii baki, amma ina, magana zarar bunu. Suna kan hanyar makaranta ne aka kira ta daga ofis: an saci mota da sassafe a gidan Mzee Tanui, an tsince ta a gefen titin da ya ratsa gonakin shayi na Kericho, a Kenya.

Tsohon ya share ido yana murmushi. "Matata lafiyarta ƙalau, jikata. Wannan ce ba ta da lafiya."

Jar mota ce mai kujera biyu, ba rufi, ta girmi Sufeto nesa ba kusa ba. A cikinta tsohon ya ɗauko amaryarsa daga coci, kuma jibi Asabar a cikinta ango zai ɗauko autar tsohon, Cherono. Yanzu ga ta nan tana huci kamar tukunyar wake.

"In ba mota, ba biki. Na rantse!" in ji Mzee Tanui. Ya nuna wani gajeren mutum da kofur ya riƙe. "Ga ɓarawon nan. Okoth, makanikena. Shi ne mai ɗayan makullin."

"Ina ka kwana, Okoth?"

"A gida, ranki ya daɗe."

"Matarka ta gaya wa kofur rabonta da kai tun jiya da rana."

Okoth ya sosa ƙeya. "To... gidan kallon ƙwallo na je, barci ya kwashe ni a kan benci. Don Allah kada ta ji."

Wamuyu ta aika kofur ya kai yarinyar makaranta, sannan ta naɗe hannun riga. A garejin mahaifinta ta tashi, ba ta tsoron baƙin mai. Ta ɗaga bonet. Fanbel na nan daram. Ta zaro sandar awon mai, mai baƙi wul, bai koma kalar madara ba.

"Ka gode Allah, Baba, gasket bai ƙone ba."

Ta kai bayan hannu kusa da tiyon sama, zafi zau. Ta taɓa na ƙasa, da kyar ya yi ɗumi.

"Ruwa ba ya zagayawa. Lagireton ya toshe."

"Sharri ne! Ranar Litinin na wanke shi tas," in ji Okoth.

Sai da inji ya huce sarai ta sa shi ya kwance tiyon ƙasa. Wani baƙin kunu ya zubo, ƙamshi ya tashi. Ta dangwala, ta murza. Ganyen shayi ne. A ƙasan lagireton kuma ga ɗan huji, inda dutse ya buga.

Okoth ya riƙe baki. "Cokali ɗaya ake zubawa in lagireto na yoyo, a lallaɓa zuwa gareji. Ko yaron goye ya san haka a garin nan. Wannan kam ya dafa wa gayya ne."

Wamuyu ta zauna a kujerar direba, ta miƙe ƙafa, ba ta kai kuloci ba. Ta dubi Okoth, wanda ko kafaɗarta bai kai ba.

"Sai dai in tsani ya taka," ta ce.

Can gaba kaɗan akwai rumfar mai shayi. Mai rumfar, Mama Chelangat, na juya chapati, wainar fulawa, a kasko. Wamuyu ta tambaye ta wanda ya tuƙo motar.

"Ban ga kowa ba, ranki ya daɗe."

"Mama, to ina ganyen da za ki dafa min?"

Matar ta fashe da dariya. "Ya ƙare! Wani dogo ya saye fakitin duka. Na ce masa cokali ɗaya, ya ce motar surukinsa ce, ba zai yi mata rowa ba. Ya roƙe ni in yi shiru."

Wamuyu ta ɗauki tsohon da Okoth suka wuce gidan Mzee Tanui, inda mata ke ta tankaɗe da fira, ana kafa rumfuna. Ango, Mutiso, ɗan Nairobi, dogo kamar falwaya, yana zaune da hannun dama a cikin aljihun kwat.

"Barka da hidima, ango," in ji Wamuyu. "Ba za mu gaisa ba?"

Ya miƙo hagu.

"Ɗayan nake so."

Ya fito da shi a hankali, naɗe da tawul.

"Butar shayi ce ta ƙona ni."

"Buta mai taya huɗu?"

Cherono ta ajiye tire. "Mutiso?"

Ango ya durƙusa gaban tsohon. "Baba, a yi min afuwa. Na ce muku na iya mota mai giya, alhali ban taɓa taka kuloci ba. Na ji tsoron in kunyata Cherono a ƙofar coci, shi ne na ɗauki makulli a bayan ƙofa in gwada. Na hau dutse, ruwa ya fara zuba, na ɗura ganye. Da allura ta kai ja, na buɗe marfin in duba..."

Dariya ta ƙwace wa Mzee Tanui har da riƙe ciki.

"Okoth, ɗana, na ci haƙƙinka. Za ta tashi?"

"In cire lagireton, in wanke shi ciki da baya, in liƙe hujin da dalma. Gobe da yamma za ta yi waƙa. Amma wa zai tuƙa? Hannun ango ya dahu."

"Ni mana," in ji Cherono. "Tun ina sakandare nake sace ta."

Gida ya kaure da guɗa. Tsohon ya buɗe baki, ya kasa rufewa.

Wamuyu ta kama ango ta gwiwar hannu. "Mu je. Asibiti tukuna, sannan ofis ka ba da jawabi. In Baba ya janye ƙara, ka kwana a gida."

Mutiso ya ci sa'a, a hannu abin ya tsaya. Kai mai karatu, in allurar motarka ta kai ja, ka faka, ka kashe inji, ka janye yara nesa. Kada ka kuskura ka taɓa marfin lagireto sai ya huce sarai. Ruwan ciki tafasasshe ne, kuma fuska yake nema.